Jikina ya yi nauyi, zuciyata ma haka, maigida kuma ya hana ni fita

Assalamu alaikum Anti. Ina rubuto miki daga Garwa. Shekaruna 38, 'ya'yana huɗu, autan yana da shekara uku. Ɗinki nake yi a cikin gida, daga safe har yamma ina kan keke. Maigidana ɗan kasuwa ne, yana ɗauko kaya daga Ngaundere, wani lokaci har Kusiri, sai ya yi kwana huɗu ko biyar ba ya gida. Muna zaune tare da mahaifiyarsa.

Lokacin da aka kawo ni gidan nan siririya ce ni, dangin miji har suna kirana sillen kara. Bayan haihuwata ta biyu wata maƙwabciya ta nuna mini wasu ƙananan ƙwayoyin ƙiba da ake sayarwa a kasuwa. Na fara sha, na murje, kowa ya yaba. Har yau ina sha, don in na bari kwana biyu sai jikina ya mutu, gaɓoɓina su riƙa ciwo. Yanzu kilo 92 nake. Watan jiya ciwon kai da jiri suka kai ni asibiti, aka ce tansiyona, wato awon bugun jinina, 15/9, suga kuma 1.18. Likita ya ce in rage gishiri da suga, in riƙa motsa jiki, in dawo bayan wata ɗaya. Ban gaya masa maganar ƙwayoyin ba, kunya ta hana ni.

Amma ba jikin ne ya fi damuna ba. Kusan wata biyar ke nan ba na jin daɗin komai. Ba na barci sai wajen ƙarfe biyu, ina zaune da shayi da waya. Kuka yana zuwa mini haka kawai, ina yi wa yara tsawa, kayan mutane sun taru ban ɗinka ba. Hajiya ta ce iska ce ko bakin mutane, ta kawo rubutu da hayaƙi. In na rage abinci kuma ta ce zan ja wa ɗanta zagi, a ce ba ya ciyar da ni. Da na ce wa maigida zan riƙa fita tattaki da safe, ya ce matar aure ba ta yawo a titi kamar 'yar ƙwallo, in zauna in gode wa Allah. Wata ƙawata tana sayar da shayin rage tumbi sefa 15,000, ta ce kilo goma zai tafi cikin wata ɗaya. Ina tunanin in saya a ɓoye, in kuma daina cin abincin dare gaba ɗaya. Ki ba ni shawara don Allah, na gaji.

'Yar uwarki daga Garwa

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu, Allah ya ba ki lafiya. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma a karo na biyu na tsaya a kan maganar da kika wuce da sauri kamar mai tsallake kwata, wato maganar ƙwayoyin nan. Daga nan zan fara, don ina ganin a nan bango ya tsage.

Ƙwayoyin da ake sayarwa a kasuwanninmu da sunan maganin ƙiba galibi iri biyu ne. Akwai siproheptadin, wanda asalinsa maganin ƙaiƙayi da atishawa ne, yana buɗe ciki, yana sa gyangyaɗi. Akwai kuma deksametazon da 'yan uwansa, magani mai ƙarfi da likitoci ke bayarwa da lissafi saboda asma ko kumburi. Shi wannan na biyun, in aka daɗe ana sha, yana tara kitse a fuska da wuya da ciki, yana riƙe gishiri da ruwa a jiki har jini ya hau, yana ɗaga suga, yana hana barci, yana kuma taɓa hali, mutum ya riƙa fushi ko kuka ba dalili. Ki ajiye wannan kusa da wasiƙarki ki gwada su da kanki. Mutuwar jikin da kike ji in kin bari kwana biyu ita ma tana nuni can. Akwai wasu 'yan gaɓoɓi ƙanana guda biyu a saman ƙoda da ke samar wa jiki irin wannan sinadari. In suka ga ana kawo shi daga waje shekara da shekaru, sai su yi kwanciyarsu su bar aiki. Saboda haka zan gaya miki abin da ƙila ba ki zata ba: kada ki zubar da ƙwayoyin yau. Yanke su lokaci guda yana iya sa jini ya faɗi ƙasa, amai da suma su biyo baya, har a rasa rai. A hankali ake janye su, likita yana rage adadin mako bayan mako har gaɓoɓin nan su farka. Ki sa ledar a jaka, ki koma wurin likitan cikin makon nan, kada ki jira watan ya cika. Ki ajiye masa ita a kan tebur, ki faɗi shekarar da kika fara da yawan da kike sha a rana. Kunyar minti biyu ce, kuma ba ke ce mace ta farko da ta ajiye masa irin wannan leda ba. In kina shafa man bilicin, shi ma ki tafi da shi, don da yawansu suna ɗauke da dangin wannan magani, kuma yana ratsa fata.

Ban ga laifinki ba. Yarinya ce ke a gidan da ake auna darajar mace da cikar zane, aka yi miki dariya, aka nuna miki hanya, kika bi.

Lambobin da aka ba ki kuwa, gargaɗi ne, kuma ya zo da wuri. 15/9 shi ne 150 bisa 90 a lissafin wasu asibitoci. Hawan jini yana farawa daga 14/9, amma ba a yanke hukunci da awo ɗaya, sai an maimaita a wata rana daban. Suga 1.18, in da safe aka auna kafin ki ci komai, yana nufin ba ki shiga ciwon suga ba, shi daga 1.26 yake farawa, sai dai kina tsaye a bakin ƙofarsa. Mutane da yawa sun juya daga bakin ƙofar nan. A wani babban bincike da aka yi a Amurka kan mutum sama da 3,000 masu irin halinki, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2002, an sa wani rukuni su gyara abinci, su riƙa motsa jiki minti 150 a mako, da nufin rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu. Kamuwa da ciwon suga a cikinsu ta ragu da kashi 58 cikin ɗari, fiye da waɗanda aka ba ƙwayar magani. Kashi 7 cikin ɗari na kilo 92 bai wuce kilo shida da ɗoriya ba. Wannan shi ne abin da kike nema, a cikin wata shida ko fiye. Ba wanda ya ce ki koma sillen kara.

To shayin ƙawarki fa? Ki bar kuɗinki a lalitarki. Yawancin irin wannan shayi filasko ne da makamantansa, ko abin da ke sa yawan fitsari. Abin da ke fita ruwa ne da gishirin jiki, kitse yana nan inda yake. Sikeli zai nuna kin ragu, mako biyu ki koma yadda kike. A zafin Garwa kuma, inda Maris da Afrilu ke haura maki 40, mace mai hawan jini ta riƙa zawo da gangan, ƙodarta ce za ta biya. Ba sai kun ɓata ba, ita ma neman na cefane take yi. Ki ce mata likita ya hana ki shan komai sai abin da ya rubuta, kuma in kin koma ya ji maganar ƙwayoyin nan, haka ɗin zai ce. Barin abincin dare ma ban yarda da shi ba. Wadda ba ta barci sai ƙarfe biyu, in ta kwana da yunwa, ƙarfe ɗaya za ta tashi ta nemi burodi da shayi mai suga, da safe kuma ta tashi da baƙin rai fiye da na jiya. Ga Hajiya na kallon kwanonki. Ki ci sau uku, kowa na gani.

Akwai wani abu da ke hannunki wanda ba sai kin nemi izinin kowa ba. Hajiya tana ƙirga lomarki, amma ba ta ƙirga abin da kike zubawa a tukunya. Ki fara da shayin, don ina zargin a nan ɓarna ta fi yawa. Kowane ƙwaran suga na kwali kusan giram 5 ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya wuce kimanin giram 50 a rana, in ya tsaya a 25 ya fi. Kofi huɗu na shayi, kowanne da ƙwara uku, giram 60 ke nan, tun ba a lissafa na kunu ba, ko kwalbar lemo da ke ɗauke da kusan ƙwara bakwai ita kaɗai. Kada ki yanke gaba ɗaya, za ki tsani shayin ki tsane ni. Ki cire ƙwara ɗaya daga kowane kofi, bayan mako biyu ki ƙara cire ɗaya. Harshe yana sabawa. Zoɓo kuma, wanda muke ce wa folere a nan, akwai binciken da ya nuna yana ɗan sassauta hawan jini, amma na leda da ake sayarwa a bakin titi an cika shi da suga. Ki dafa naki da citta, ki sha da ɗan tsaminsa.

Gishiri abin da aka yarda wa babba a rana bai kai giram 5 ba, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke ɓoye cikin burodi da magi. Dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne, kanwa ma 'yar gidansu ce. In kina jefa huɗu a miya ki koma uku, sannan biyu, ki cike gurbin da daddawa da tafarnuwa da albasa da bandar kifi. Ba wanda zai lura in a hankali kika yi, kuma jinin Hajiya da na maigida za su amfana ba tare da sun sani ba. Mai kuma, mu mutanen garin auduga mun saba tuttula shi daga kwalba kamar ruwan alwala. Giram ɗaya na mai yana ɗauke da kalori 9, na garin tuwo ko suga kusan 4. Ki ajiye cokali kusa da murhu ki riƙa aunawa. Karfasa da tarwaɗar Lagdo, in an gasa ko an sa a miya, sun fi wanda aka tsoma a mai.

Tuwo ba abokin gabarki ba ne. Tuwon dawa, musamman wadda ba a surfe ta har ta yi fari fat ba, ya fi farar shinkafa da dogon burodi riƙe ciki, don dusar nan tana rage saurin shigar suga cikin jini. Abin da za ki canja shi ne rabo: malmala ɗaya kamar dunƙulen hannunki, miya kuwa ki ninka ta. Allah ya hore mana ganye a ƙasar nan, yakuwa, zogale, rama, tafasa, kuka, lalo, kuɓewa. Abin da ake so a rana giram 400 ne na ganye da 'ya'yan itace, kuma kwaɗon zogale da ƙuli da rana, da gwaiba biyu ko yankan kankana da yamma, sun kai ki nesa. In Hajiya ta ga kwanonki cike da miya da wake da kifi, ba ta da abin cewa, kwanon dai a cike yake. Karin safe na burodi da fanke da shayi shi ne ke sa ki ji yunwa da kasala tun kafin azahar. Ki gwada alale, ko ɗanwake, ko dafaffen ƙwai, ko kindirmo ba suga. Wani abu ƙarami da mata da yawa ba su sani ba: shayi a kan abinci yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe da ke gina jini, lemon tsami da tumatir kuma suna taimaka masa. Ki bar awa ɗaya tsakanin kwano da kofi. Macen da ta haihu huɗu tana iya zama da ƙiba kuma jininta ya yi ƙasa, don haka ki roƙi likita ya auna miki yawan jini, ƙarancinsa kaɗai yana kawo kasala da jiri.

Yanzu motsa jiki. Maigidanki da ya ji kalmar, abin da ya hango shi ne matarsa cikin wando tana zagaya filin wasa na Rumde Ajiya. Abin da likita ke nufi ya fi haka sauƙi: minti 30 a rana, kwana biyar a mako, na tafiya mai ɗan sauri, irin wadda za ki iya magana a cikinta amma ba za ki iya rera waƙa ba. Kuma ba dole ne a haɗe ba, minti goma sau uku ma ya yi. Dalilin da ya sa yake aiki shi ne, tsoka in tana motsi tana jan suga daga jini da kanta, ko da insulin ɗin jiki, wato sinadarin da ke sauke suga a jini, ya yi rauni. Shi ya sa zagayen minti goma a tsakar gida bayan cin abinci ya fi yadda ake ganinsa amfani. Ki fara da wannan gobe, da hijabinki da silifas ɗinki in kin ga dama, daga ƙofar ɗaki zuwa zaure ki dawo, ki sake. A makon farko minti goma ya isa, gwiwoyinki suna ɗauke da kaya, kada ki ɗebo da zafi. Sau biyu a mako ki ba tsokoki aiki: ki tashi daga kujera ki zauna sau goma ba tare da dafa komai ba, ki tura bango da hannuwa biyu, ki ɗaga ƙaramar jarkar ruwa. A kan keke kuma, duk rabin awa ki miƙe, ko guga za ki yi a tsaye ko yanka. In kin rufe ƙofa kin kunna kiɗa kun taka da 'yan matanki, shi ma lissafi ne, kuma zan so in ga fuskar autan ranar. Lokacinki bayan asuba ne kafin rana ta yi ƙarfi, ko bayan magariba, da gorar ruwa kusa. In kika ji ƙirji ya riƙe, ko jiri, ko numfashi ya ƙi, ki tsaya, ki faɗa wa likita.

Na bar maganar zuciyarki zuwa yanzu ne don ita ce kika ce ta fi damunki, kuma ina so in zauna a kanta. Abin da kika kwatanta, rashin jin daɗin komai, kuka, rashin barci, aiki ya gagara, in ya wuce mako biyu likitoci suna ɗaukarsa ciwo, ciwon damuwa, kuma ke wata biyar kike ciki. Wannan ba rashin godiya ga Allah ba ne, kuma bai nuna imaninki ya yi rauni ba. Yana kama mai sallar dare kamar yadda zazzaɓi ke kama ta. Jiki da zuciya a gida ɗaya suke kwana, abin da ya taɓa ɗaya yana taɓa ɗayan. Rashin barci yana ƙara yunwa da kwaɗayin zaƙi, zaƙi ya ɗaga ki ya yar, kasala ta hana motsi, zama wuri ɗaya ya hana barci, a sake zagayowa. Alherin abin shi ne duk inda kika yanke igiyar, sauran ma suna sassautawa. A wani bincike na Jami'ar Duke a Amurka a 1999, an raba mutum 156 masu ciwon damuwa, wasu aka ba su magani, wasu suka riƙa motsa jiki sau uku a mako, wasu suka haɗa biyun. Bayan wata huɗu, sauƙin da aka samu a rukunonin uku ya yi kusan daidai. Ban kawo wannan don ki guji magani ba. In likita ya ga kina buƙatarsa ki karɓa, a haɗa da tafiyar. Na kawo shi ne don ki san zagayen tsakar gidan nan har zuciya yake yi wa aiki.

Barcin ma yana da gyara. Sinadarin da ke cikin shayi da goro yana kai awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki, don haka kofin ƙarfe goma na dare yana nan yana gadi har ƙarfe uku. Daga la'asar ki bar baƙin shayi, ki koma citta da kanumfari ko na'ana'a. Waya ta kwana a kan keken ɗinki, nesa da gado. Da safe kuma ki fito tsakar gida hasken rana ya taɓa idonki, shi ne ke saita wa jiki lokacin barci. Ki gaya wa likita maganar kukan da bakinki kamar yadda kika gaya mini. Sannan ki nemi mutum ɗaya, yayarki ko aminiyar da ba ta sayar miki da komai, da za ki riƙa buɗe wa ciki. In kuma wata rana tunanin cewa gara ki mutu ya zo miki, ko na cutar da kanki, kada ki kwana da shi. Ki faɗa wa wani a ranar, a kai ki asibiti.

Hajiya kuwa, ki yi mata uzuri. Masu shekarunta sun ga farin 1973 da na 1984, sun ga shekarun da in mutum ya rame ake raɗa a bayansa ana cewa ciwon zamani ne. A idonta rama yunwa ce ko cuta, ƙibar suruka kuma shaida ce cewa ɗanta ya isa. Tuwon da take tura miki ƙauna ce, yadda ta iya ta. Abin da ta manta shi ne a zamaninta wannan tuwon sai an sussuka, an surfa, an daka, an ɗebo ruwa da itace kafin ya shiga baki. Yau ga injin niƙa, ga famfo, ga babur a ƙofar gida. Kada ki yi mata gardama kan rubutu da addu'a. Ki karɓa, ki yi naki azkar, ki je asibiti, ba sa karo da juna. Hayaƙin dai ki rage shaƙarsa a rufaffen ɗaki. Maimakon ki ce mata kina rage ƙiba, kalmar da ba za ta taɓa so ba, ki ce likita ya ce jininki ya hau. Ba tsohuwar da ba ta san wata da hawan jini ya shanye wa ɓarin jiki ba. Ki roƙe ta ta koya miki miyar da suke yi kafin zuwan magi. Ki fito da turmi ki ce dakan hannu ya fi daɗi a fura, kuma gaskiya ne. Tsohuwar da aka mayar malama ba ta cika zama 'yar adawa ba, ke kuma minti goma sha biyar da taɓarya ya ishe ki gumi.

Shi maigida, ina ganin tsoron bakin mutane ne ya yi magana da bakinsa, kuma ƙila kin same shi ya dawo daga hanya a gajiye. Duk da haka, cewa ki zauna ki gode wa Allah bai isa amsa ga mace mai 15/9 ba, kuma lafiyarki haƙƙi ce a kansa kamar ci da sha. Ki zaɓi daren da ya huta, ya ci ya ƙoshi, ba a gaban Hajiya ba. Kada ki fara da maganar fita. Ki miƙa masa takardar awon, ki ce kina tsoro, ki roƙe shi ya raka ki asibiti ya ji da kunnensa, gani ya kori ji. Maza da yawa abin da suka ƙi ji daga matansu suna karɓarsa daga mai farar riga. Ɗan kasuwa ne, ya san lissafi, to a lissafa masa kuɗin maganin suga na kowane wata har ƙarshen rayuwa, da na wankin ƙoda in abu ya lalace, a gefe guda kuma takalmi ƙafa ɗaya. Tunda ya je, a ɗaura masa abin awon shi ma. Mutumin da ke wuni a mota da shago, da shayi da tsire, ban cika yarda da jininsa ba. In ya kawo maganar addini, ki tuna masa cikin ladabi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha har sau biyu, ta wuce shi a na farko, ya wuce ta a na biyu.

Sannan ki sauƙaƙa masa cewa to. Abin da kike roƙo shi ne ki raka yara makaranta da ƙafa ki dawo, ki je islamiyya ko gidan 'yan uwa a ƙasa maimakon hawa babur, cikin hijabinki, tare da ƙanwarsa ko wata maƙwabciya da ya yarda da ita. Ranar da yake gari, ku taka tare bayan isha'i, in ya yarda ya fi kowa cin riba. In ya ƙi duk wannan, kada ki fita a ɓoye, don ranar da ya ji, maganar za ta tashi daga lafiya ta koma ta amana, kuma ke za ki yi asara. Ki ci gaba da na cikin gida, ya isa ya fara sauke lambobin, ki nemi yayansa ko malamin da yake jin nauyi ya yi masa magana. Abu ɗaya ne ban yarda a ja da shi ba, zuwa asibiti. In ya hana wannan, ki sanar da iyayenki ko waliyyinki.

Kayan mutane da suka taru, ki kira masu su ki ba kowa rana ta gaskiya, ki ɗinka ɗaya a yini har su ƙare, kada ki karɓi sabo sai kin sauke rabi. Ki samu ƙaramin littafi, irin wanda kike rubuta awon kwastomomi, ki riƙa sa minti nawa kika taka, ƙarfe nawa kika yi barci, da lambar tansiyo duk lokacin da aka auna. Sikeli sau ɗaya a mako ya isa. In azumi ya zo kina tsakiyar janye ƙwayoyin nan, ki tambayi likita yadda za ki yi tun kafin a ga wata. Bayan mako shida ki sake rubuto mini, ki faɗa mini abin da likita ya ce da ya ga ledar, da ƙwaran suga nawa ya rage a kofinki. Ki gaida Hajiya da yaran.